Ƙirjin 'Yata da Hayaƙin Lungunmu

Ranar da na fara jin kukan, na ɗauka ɗan mage ne ya maƙale a bayan akwatunan kaya. Da hantsi ne, ina ninke wanki a bakin gado, 'yata ta fari tana kwance a tabarma, ta ce jikinta ba daɗi, ba ta je makaranta ba. Na leƙa bayan akwatuna, na leƙa ƙarƙashin gado, ban ga komai ba. Sai da na durƙusa kusa da ita zan ɗauki kallabin da ya faɗi, sannan na gane daga ƙirjinta sautin yake fitowa. Shekararta shida a lokacin. Sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, don haka babu mai kiran sunan a gidan. Babanta Mamana yake ce mata.

Gidanmu yana cikin Gwale, a wani lungu da mota ba ta shiga. Gidan gado ne, ginin ƙasa, mu da surukata Hajiya muke ciki. Bayan katangarmu akwai kududdufi. Lokacin da aka kawo ni gidan, ruwa ne cike a ciki, har da agwagi. Kafin 'yata ta isa shiga makaranta shara ta cinye fiye da rabinsa, kuma kusan kullum akwai gefen da yake ci da wuta a hankali, ba ka ganin harshenta sai hayaƙi.

Shekarun nan ne da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Malam, maigidana, a masaƙa yake aiki tun kafin aurenmu, sai aka wayi gari an rufe ta. Ya daɗe yana zaune. Da wani ɗan siyasa ya yi rabon babura a mazaɓarmu sunansa ya fito, har guɗa aka yi a tsakar gidanmu. Ya fara acaɓa. Ba shi kaɗai ba, kusan duk wanda na sani da ya rasa aiki babur ya hau. Cikin ɗan lokaci garin ya cika da su. Irin baburan nan ne da ake zuba wa baƙin mai a cikin tankin fetur, kuma makanikai suna ce musu idan suka ƙara yawansa injin zai fi daɗewa. Kowanne da jelar shuɗin hayaƙi a bayansa. Idan titi ya cushe sai su riƙa yankowa ta lungunmu, ɗaya na bin ɗaya, daf da tagar ɗakinmu.

Malam yakan dawo idanunsa jajur, farar rigarsa da ɗigo-ɗigon mai a ƙirji. In ya yi alwala ya fyace hanci, abin da yake fitowa baƙi ne. Mukan yi dariya. Ni ma in na shanya fararen kayan makaranta, kafin su bushe sun yi dabbare-dabbare. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, wahalar wanki kawai nake gani.

Da kukan ƙirjin ya yawaita, Hajiya ta ce sanyi ne ya kama ta, ko kuma iska ta shafe ta a bakin kududdufi. Ta aika aka haɗo mata wasu saiwoyi da ƙaro, ta zuba a kasko kan garwashi, ta lulluɓe yarinyar da zani don ta shaƙa. Ina tsaye ina kallo, ba ni da bakin hanawa. Ba a jima ba zanin ya fara motsi da ƙarfi. Da na yaye shi, idanunta sun fito, bakinta a buɗe, tana neman iska tana kasa samu. Hajiya da kanta ta yi cilli da kaskon ta ce, “Maza ku kai ta asibiti, wannan ya fi ƙarfina.”

Likitar da muka samu mace ce, ta manyanta, tabarau a rataye a wuyanta. Ta ɗora abin sauraro a bayan yarinyar ta daɗe tana ji. Ta ce asma ce, abin da su Hajiya suke kira fuka. Sannan ta shiga yi min tambayoyi. Da itace nake girki? Ana ƙona shara kusa da mu? Maƙwabta suna da janareto? Duk na ce eh.

“Babanta me yake yi?”

“Acaɓa.”

“A ina babur ɗin yake kwana?”

“A soro.”

“A nan yake tayar da shi da safe?”

Na ce eh. Kullum bayan sallar asuba a soro yake tayar da shi, ya bar shi yana ruri har injin ya yi zafi, hayaƙin kuma tsakar gida yake shigowa.

Ta ce, “Ki saurare ni da kyau. A cikin hayaƙin nan akwai burbushi ƙanana, sun fi kwalli laushi. Hanci ba ya tare su, can ƙasan huhu suke sauka. Ranar da iska take kaɗawa tana kwashe su ta tafi da su. Ranar da gari ya tsaya cak, suna nan tare da ku a lungu, kamar an kifa muku kwano. Irin ranar ce za ki sa mata ido.” Ta ba mu wani shuɗin abin shaƙa da ake ce wa inhela, ta nuna min yadda ake fesa mata. Har mun kai ƙofa ta kira ni ta ƙara da cewa, “Idan tana fama, kika ji kukan ƙirjin ya ɗauke, kada ki ɗauka sauƙi ne. Iskar ce ta daina shiga. Ki taho da gudu.”

Kwana biyu ina juya yadda zan gaya wa Malam. A na uku na tare shi a soro, ya ɗora ƙafa zai tayar.

Na ce, “Malam, don Allah da za ka riƙa tura shi waje tukuna.”

Ya dube ni. Na gaya masa yadda muka yi da likita, ina magana ina kallon ƙasa.

Ya ce, “Wato ni nake kashe ta.”

“Ban ce haka ba.”

“Da shi kuma nake ciyar da ita.”

Ya sauke ƙafarsa, ya kama kan babur ɗin ya tura. Ba a ƙofar gida ya tsaya ba, har bakin titi ya kai shi, kuma tun daga ranar haka yake yi. Ina jin masu dawowa daga masallaci suna tambayarsa ko mai ne ya ƙare, yana ce musu eh.

Na daina girki da itace, na koma gawayi, shi ma a can ƙarshen gida. Na cire turaren wuta daga ɗakina. Amma namu babur ɗaya ne cikin ɗaruruwa, kuma bolar kududdufin ba tamu ba ce balle mu kashe. Abin da ya rage min shi ne duban gari. Da can ba na ɗaga kai sama sai in zan shanya kaya. Yanzu da na idar da salla sai in fito tsakar gida in dubi darbejiyar maƙwabta. In ganyenta yana rawa, sai hankalina ya kwanta, in shirya ta makaranta. In ya tsaya kamar zane, gabana ya dinga faɗuwa ke nan. Akwai mai waina a bakin lungu, ta saman katanga ina hango hayaƙin murhunta. A rana mai kyau yakan karkata ya ɓace. A mummunar rana sai ya miƙe sama kaɗan, ya kai tsayin indararo, ya kwanta, ya bazu a kan gidaje ya zauna. Ranar nan kafin hantsi zan ji ɗan magen ya farka.

Damina ce lokacin hutuna. In aka kwana biyu ana ruwa, har guje-guje take yi da ƙaninta a tsakar gida. Bazara kuwa tsoronta nake ji kamar mutum.

Abin da ba zan manta ba ya faru ne a ƙarshen wata bazara, bayan an yi zaɓe na biyu, ana ta shagalin waɗanda suka ci. Kwana uku hadari yana haɗowa ta gabas, ya yi baƙi, a ji cida, sai ya watse. Zafin ya zama irin wanda gumi ba ya bushewa a jiki. Babu iska ko ta kaɗa tsinke. A rana ta huɗu bayan azahar, masu neman wayar cikin taya suka tara tsofaffin tayoyi a bakin kududdufi suka cinna musu wuta.

Warin na fara ji. Da na fito, baƙin hayaƙi ya riga ya hauro katangarmu, bai yi sama ba, gangarowa yake yi cikin gida. Wasu baƙaƙen abubuwa suna zubowa a hankali, suna sauka kan murfin randa da kan tuwon da na ajiye wa Malam. Na ja yaran ɗaki, na rufe taga, na jiƙa zani na toshe ƙasan ƙofa. Ɗakin ya koma kamar tanda. In na buɗe hayaƙi, in na rufe zafi. Na zauna ina yi mata fifita ina kallon ƙirjinta.

Ta tashi zaune da kanta, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu. Kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka. Ramin wuyanta yana lotsawa ciki duk sanda ta ja numfashi. Na fesa mata inhela sau biyu, na jira. Na ƙara biyu. Na ce ta gaya min inda yake mata ciwo, sai ta ce, “Um...” ta kasa ƙarasa Umma. Hajiya ta shigo ta ɗauke ƙaramin, ta tsaya a bakin ƙofa tana ta hasbunallahu.

Na ƙara fesawa, abin ya suɓuce min ya faɗi ƙasa. Da na ɗauko na ɗago, sai na ji ɗakin ya yi tsit. Tana nan tana ja, haƙarƙarinta yana fitowa ɗaya-ɗaya ta cikin riga, amma babu kukan. Leɓenta ya yi toka-toka.

Ban san na yi ihu ba, daga baya Hajiya ta ce har maƙwabta sun ji. Allah ya sa a daidai lokacin Malam yana shigo da babur soro, ya dawo gida don yin sallar la'asar. Kallo ɗaya ya yi mata. Ya juya kan babur ɗin, na yafa mayafi a kan zanin da ke jikina, na sa silifa, na hau baya, yarinyar a tsakaninmu, kanta a ƙirjina.

Mun fita lungu lafiya. Muna hawa titi muka faɗa cikin jerin gwanon 'yan murna. Motoci da lasifika, matasa a kan rufin bas suna kaɗa tuta, babura kuwa ba su ƙirguwa, kowa yana murza mai yana danna ham. An cushe, ba gaba ba baya. Hayaƙin ya kwanta a kan titin shuɗi-shuɗi, har ƙafafun mutane ba ka gani sosai. Salansar wani tana huci daidai fuskar 'yata. Na sa tafin hannu na kare, na ji zafin yana dukan fatata.

Malam yana ta ɗaga murya, “Mara lafiya! Don Allah ku ba mu hanya, mara lafiya!”

Na kusa da mu sun ji. Wani ya dube ta ya ce subhanallahi, ya yi ƙoƙarin karkatar da nasa babur ɗin, amma babu inda zai matsa. Na gaba ba su ma san muna yi ba, kiɗa ya cika musu kunne. Ina jin nauyinta yana ƙaruwa a jikina. Hannunta da ya riƙe mayafina ya saki.

Na ce, “Malam, ta saki.”

Ya waiwayo. Sai kawai ya kashe babur ɗin, ya ce in sauka. Ko jingine shi bai yi ba, ya bar shi ya faɗi a tsakiyar titi da makulli a jiki. Ya saɓa ta a kafaɗa ya fara gudu tsakanin motoci. Na bi shi. Silifa ɗaya ya fita, ban tsaya ba, kwalta tana ƙona min tafin ƙafa. Abin da nake gani kawai kanta ne yana lilo a bayansa, da kitson da na yi mata shekaranjiya. Yana gudu yana cewa, “Mamana, Mamana, ga mu nan mun kusa.” Ba mu kusa ba.

Muna cikin haka na ji sanyi ya taɓa min ƙeya. Kafin in ɗaga kai iskar hadari ta taso gaba ɗaya. Ledoji da fastocin 'yan takara suka tashi sama, kwanukan rufi suna ƙara, ƙasa da tsakuwa suna dukan fuska. Kwana huɗu ina roƙon iska, ga ta ta zo, ni kuma na tabbata ita za ta ƙarasa min yarinya. Na cim masa na cire mayafina na rufa mata a ka, na ci gaba da gudu kaina ba komai sai ɗankwali. 'Yan murna suka fara watsewa, kowa yana neman mafaka. Manyan ɗigo suka fara sauka, irin masu zafi a fata. Muna shiga ƙofar asibiti ruwan ya kece.

Wata nas ta gan mu tun daga baranda. Ba ta tambayi kati ba, ta karɓe ta ta shige, muka bi ta. Aka kwantar da ita a jingine, aka nemi jijiya aka yi mata allura. Aka ɗauko wani ƙoƙon roba da ake kifawa a hanci da baki, mai fitar da tururin magani, aka jona shi a bango. Bai yi motsi ba. Iskar ta ɗauke wuta. Na ji nas ɗin ta leƙa taga tana kiran a tayar da janareto.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Ina jin ana jan igiyar injin a can baya, ya yi tari ya mutu, a sake ja, ya sake mutuwa. Ni da na yi shekara ina Allah-wadai da janareton maƙwabta, ga ni tsaye ina roƙon Allah ya tayar da wannan. Ruwa yana dukan rufi har ba ka jin maganar na kusa da kai. A ja na huɗu ko na biyar ya kama. Ƙwan ɗakin ya kawo haske, tururi ya fara fita.

Na durƙusa na kara kunnena a ƙirjinta. Da farko bugun zuciyarta kawai nake ji, da sauri kamar na tsuntsu. Can sai na ji shi, siriri, daga nesa. Kukan ya dawo. Na ɗago na ce wa nas ɗin, “Yana kuka, wallahi yana kuka,” ina dariya hawaye yana zuba. Ta ce, “Alhamdu lillahi, ya fara buɗewa. Ki zauna, ƙafarki jini take yi.”

Kafin magariba ta buɗe ido. Ta dubi taga ta cikin robar ta ce, “Umma, ruwa ake?” Na ce ruwa ake.

Na fita in gaya wa Malam. Na same shi zaune a ƙasa a baranda, jiƙe sharkaf, ya jingina da bango. Ya yi yunƙurin tashi. Tari ya sarƙe shi, ya daɗe yana yi. Da ya lafa ya ce, “Ta yi magana?” Na ce ta yi. Ya rufe fuska da hularsa. Babur ɗin sai washegari ya je nema, bai sa ran ganinsa ba. Ashe wani mai faci a bakin titin ya ga abin da ya faru, ya ja shi ƙarƙashin rumfarsa ya ɗaure da sarƙa. Madubi ɗaya ne ya fashe.

Kwananmu huɗu a asibiti. Ranar sallama likitar nan ta zo zagaye, ta karanta katin, ta ce min ba ta da wani maganin da ya wuce wanda ta ba mu. Ta ce, “In kuna da inda za ku kai ta, ku fitar da ita daga lungun nan. Wata bazarar tana tafe.”

Ba mu da halin tashi daga gidan, kuma Malam ba shi da wata sana'ar. Mahaifiyata tana wani ƙauye, in ka fita ta Ƙofar Kabuga ka yi tafiya mai ɗan nisa. Mun yi sati biyu muna kewaye maganar, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Hajiya ce ta yanke. Ta ce, “Gara ku riƙa zuwa kuna ganinta da rai.” Ita ce kuma ta fi kowa kuka ranar tafiyar.

Na haɗa mata kayanta a jaka ɗaya, da allonta, da inhela biyu. Na koya wa mahaifiyata yadda ake fesawa har sau uku, na roƙe ta kada a bar ta kusa da murhu. Yarinyar ba ta san barin ta za mu yi ba. Tana can tana bin 'yan awaki a bayan rumbu, tana gudu, ba tari. Na so in kira ta mu yi sallama, mahaifiyata ta ce in ƙyale ta, in na kira ta ba zan iya tafiya ba. Muka tura babur ɗin har bayan gari sannan Malam ya tayar.

Shekara biyar ta yi a can. Takan zo mana hutun damina, ta koma kafin ruwa ya ɗauke. Ciwon bai rabu da ita ba, amma bai ƙara kai ta inda ya kai ta ranar nan ba. Malam ya ci gaba da acaɓa wasu shekaru, har tarin ya hana shi, ya koma tsaron shagon wani ɗan'uwansa. A gidan mahaifiyata kowa Yaya yake ce min, ƙannena da 'ya'yansu duka. Zuwanta hutu na biyu na ji ta leƙo ɗakin girki ta ce, “Yaya, in kawo miki ruwa?” Na ce ta kawo. Ban gyara mata ba, na ga ba ni da bakin yin haka. Yanzu ta girma, tana ɗakin mijinta da 'ya'ya biyu, kuma har yau Yaya take ce min.